Shin da gaske kifi yana ƙarewa a teku? Amsa ga wani mai sayar da kifi a Katsina

Tambaya: "Malam, sana'ata sayar da kifin ƙanƙara a cikin garin Katsina. Ina sarowa kwali-kwali daga ɗakin sanyi, in rarraba wa masu suya da matan gida. Yanzu kwalin Taitus ya kai inda talaka ba ya iya taɓawa. Da na yi ƙorafi sai dila ya ce mini wai kifi ne ke ƙarewa a teku. Ni dai na ɗauke ta a zancen 'yan kasuwa. Teku da girmanta, ɗan Adam zai iya ƙarar da abin da ke cikinta? Kuma mu da muke nan bakin sahara, me ya haɗa mu da teku?"

Ƙanena, dilan naka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa maka. Babban abin da ya ɗaga kwalinka cikin ɗan lokaci shi ne naira. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kifin nan kuwa da dala ake sayo shi. Ka ɗora kuɗin dizal na motar sanyi da ke tasowa daga Legas ta ci sama da kilomita 1,000 kafin ta iso Katsina, ka ɗora na janareton da ke riƙe ɗakin sanyi dare da rana. Wannan duka ba ruwan teku a ciki. Amma ko da naira za ta farfaɗo gobe, Taitus ba zai koma farashinsa na da ba, kuma a nan ne maganar dilanka take da tushe.

Mu fara da inda kifin yake fitowa. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta saba bayarwa sun ce Najeriya tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa a gida kuwa, da na teku da na koguna da na kiwo, bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Shi ya sa muke cikin manyan masu sayen kifin ƙanƙara a Afirka. Taitus kifin ruwan sanyi ne na arewa maso gabashin tekun Atlantika, ruwan da ke tsakanin Norwe da Burtaniya da Aislan da tsibiran Faro. Akwai majalisar masana kimiyyar teku mai hedikwata a Kofanhegin ta ƙasar Denmak, wadda duk shekara take auna yawan kifin ta ce ga iyakar abin da za a kama ba tare da an taɓa iyaye masu haihuwa ba. Matsalar ita ce rabo. Wajen 2007 zuwa 2010 kifin ya fara yin ƙaura zuwa arewa, ya cika ruwan Aislan inda da ba a cika samunsa ba. Aislan da Faro suka ce tunda a ruwanmu yake kiwo, sai a ƙara mana kaso. Sauran suka ce ba haka aka saba ba. Tun daga lokacin ba a sake samun yarjejeniyar da ta haɗa kowa da kowa ba. Kowace ƙasa sai ta yanka wa kanta kason da take ganin ya dace da ita, in ka tara su sai ka tarar sun zarce shawarar masana da nisa, shekara bayan shekara. A ƙarshen 2025 masanan suka ba da shawarar a rage kamun Taitus na 2026 da kusan kashi 70 cikin 100. Ka lura da waɗanda suka yi wannan aika-aika: ƙasashe ne masu arziki, masu jiragen bincike da dokoki da jami'an sa ido. Ilimi bai yi musu ƙaranci ba. Kowa ne ya ga in ya bari wani zai kwashe.

Batun girman teku kuma, gaskiya ne ta rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya. Amma kifi ba ko'ina yake ba. Tsakiyar teku kusan fayau take, don abincin da ƙananan tsirran ruwa ke buƙata ya nutse can ƙasa inda hasken rana ba ya kaiwa. Mafi yawan kifin tekun da duniya ke ci ana kama shi ne a siririn yankin da ke kusa da gaɓa, inda zurfin ruwa bai wuce mita 200 ba, da kuma wasu wurare ƙalilan inda iska ke ture ruwan sama, ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa. Irin waɗannan wurare manya guda huɗu ne: gaɓar Maroko zuwa Muritaniya da Senegal, gaɓar Namibiya, gaɓar Peru da Chile, sai ta Kalifoniya. Gaɓar Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, ba ta cikinsu, shi ya sa ko da ba a ɓata komai ba ruwanmu ba zai ciyar da mu shi kaɗai ba. To idan kifi ya taru a wurare sanannu, kuma aka zo masa da jirgi mai tsawon sama da mita 100, mai na'urar da ke hango garken kifi a ƙarƙashin ruwa, mai injin daskarewa a cikinsa yadda zai yi makonni bai dawo gaɓa ba, ai girman teku bai kare shi da komai ba.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana bin diddigin wannan tun da daɗewa. A 1974, kashi 10 cikin 100 ne na rukunonin kifin teku ake kamawa fiye da yadda suke iya hayayyafa. A 2021 ya kai kashi 37.7. Kuma tun ƙarshen shekarun 1980 yawan kifin da ake fitarwa daga teku ya tsaya cak a wajen tan miliyan 80 a shekara, duk da ƙarin jirage da ƙarin na'urori.

In kana son ganin ƙarshen wannan hanya, dubi Kanada. Ruwan Newfoundland ya shekara kusan 500 yana ba Turawa kifin kod, dangin wanda Norwe ke busarwa ta aiko mana, 'yan Kudu suna sa shi a miya. Masunta masu ƙananan jirage sun daɗe suna kukan kifi yana raguwa, yana kuma ƙanƙancewa. Ba a saurare su ba, don manyan jirage suna ci gaba da dawowa maƙare: suna bin ragowar garken ne da na'ura duk inda ya taru. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun kod gaba ɗaya, mutum sama da 30,000 suka wayi gari ba sana'a. An yi zaton shekara biyu za ta wadatar. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma da ɗan kaso kaɗan. Shekara 32 ke nan.

Amma abin da ya fi ci mini rai yana nan kusa da mu. A ruwan Muritaniya da Senegal da Gambiya akwai ƙananan kifaye dangin sadin, masu mai, masu arha, waɗanda su ne naman talakan Afirka ta Yamma tun daga bakin ruwa har ƙasashen da ba su da teku. Cikin shekaru goma sha da suka wuce aka kakkafa masana'antun garin kifi a Nuwadibu ta Muritaniya da wasu garuruwan gaɓar, yawancinsu da jarin waje. Suna sayen kifin nan ɗanye, lafiyayye, wanda mutum zai ci, su dafa su matse man su niƙa sauran. Sai an narkar da kifi kilo 4 zuwa 5 kafin a samu kilo 1 na gari. Garin da man ana loda su zuwa Sin da Turkiyya da Turai, a ciyar da kifin kiwo da aladu. Matan da ke sana'ar banda a Senegal ba za su iya gasa da masana'anta wajen saye ba. Ka ga an cire abinci daga kwanon mai ƙaramin ƙarfi an zuba wa dabbar mai kuɗi, kuma a takarda duk halal ne, akwai lasisi. Mu ma ba mu tsira daga zargi ba: buhun abincin tarwaɗa da masu kiwo ke saye, musamman na ƙananan 'ya'ya, da garin kifi a cikinsa.

Sai kuma masu jan ƙasa. Jirgin da ke neman jatan lande yana jan raga mai nauyi a kan ƙasan teku, yana kankare duk abin da ya tarar. Abin da yake nema kaɗan ne a cikin abin da ragar ke kwasowa, sauran 'ya'yan kifi ne da ba su kai haihuwa ba, da kaguwa, da kififiya. Dokar kamun kifin teku ta Najeriya ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana waɗannan jirage shiga mil 5 na farko daga gaɓa, an bar wa masu kwalekwale. Kiyaye wannan layi da dare, a ruwa mai faɗi, wani aiki ne daban. A Gana har suna da suna ga cinikin da ya taso daga wannan ɓarna, "saiko": jirgi ya kama ƙananan kifin da ba a ba shi izini ba, ya daskarar, ya sayar wa 'yan kwalekwale a tsakiyar ruwa. Kuma da yawa daga jiragen da ke zuwa daga nesa ba za su ci riba ba in ba don gwamnatocinsu na biya musu kuɗin mai ba. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta cim ma yarjejeniya a watan Yunin 2022 ta hana tallafa wa masu su ba bisa ƙa'ida ba da masu kama kifin da ya riga ya ragu. An shafe sama da shekara 20 ana tattaunawa kafin a kai ga hakan.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu, gurbin Matan Fada a rufe yake, ba mai jefa ƙoma sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙato ya ɗaga. Sarakunan ruwa a ƙasar Hausa sun san lokacin da kifi ke zuba ƙwai, sun san gurbin da za a hutar. Abin da masana ke nema a teku ke nan: a rufe wasu wurare, a rufe wasu watanni, a ƙayyade faɗin idon raga. Bambancin kawai shi ne a Argungu akwai mai cewa a bari kuma a bari. A teku, yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa iko da mil 200 daga gaɓarta, kusan kilomita 370. Abin da ya wuce nan, kusan kashi biyu cikin uku na teku, ba shi da sarki. Sai a 2023 aka amince da yarjejeniyar da za ta ba da damar keɓe wuraren kariya a can.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, me ya haɗa Katsina da teku. Ai haɗin ya girmi kakanninmu. Kuɗin wuri da aka yi ciniki da shi a kasuwannin Katsina da Kano a ƙarni na 18 da na 19 ƙwanson wata 'yar dabbar teku ne, da farko mafi yawansa daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya. Jiragen Turawa ke kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851, da wuri ya tarar ana saye da sayarwa. Da 'yan kasuwar Jamus suka gano wani irin wuri mai arha a yankin Zanzibar suka yi ta jibgo shi, sai darajarsa ta zube, har ta kai ɗaukar kuɗin ya fi ƙarfin abin da za su saya. Murjanin da iyayenmu mata ke adanawa, na ainihin daga ƙarƙashin Bahar Rum ake ciro shi. Gishiri kuma da ayarin Azbinawa ke kawo mana shi daga Bilma, yau mafi yawan na leda da ke kanti da gishirin teku aka yi shi, wanda jirage ke kawowa daga ƙasashe irin su Namibiya da Brazil.

Na yau ya fi haka yawa. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa suke tafiya: alkamar burodinka, babur ɗinka, sinadarin takin da ake haɗawa, wayar da kake karanta wannan da ita. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 ma'anarta ke nan, a kawo bakin teku cikin jihar Katsina, kwantena ta taso daga jirgi a yi mata kwastan a nan. Ka tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi, ranar da intanet ta rikice, manhajojin banki suka ƙi buɗewa, masu POS suka yi ta ba mutane haƙuri? Wayoyi huɗu ne da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka katse a ruwan Kwaddibuwa. Alhazanmu kuma, ruwan famfon da suke wanka da alwala da shi a masaukansu na Makka yawancinsa ruwan Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri a Shu'aiba. Ragowar ruwan mai tsananin gishiri teku ake mayar da shi, kuma yana kwantawa a ƙasa ya takura wa abin da ke rayuwa a wurin.

Sai mai, wanda da kuɗinsa ake biyan albashi a kowace ƙaramar hukuma ta jihar nan. An fara samunsa a Oloibiri a 1956, yanzu kuma babban kaso daga cikin ruwa ake haƙo shi. Rijiyoyin Bonga suna kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin sama da mita 1,000, kuma a watan Disamban 2011 ganga kusan 40,000 ta malale a can. Amma ɓarnar da ta fi muni tana cikin fadamun Neja Delta, inda dajin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri yake, mafi girma a Afirka. Saiwoyin itatuwan nan su ne ɗakin renon kifi: a nan 'ya'yan kifi da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙwari su fita teku. In ɗanyen mai ya shiga, yana toshe ƙofofin da saiwar ke shaƙar iska, itacen ya mutu a tsaye, man kuma ya nutse cikin taɓo ya zauna shekaru. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, na watan Agustan 2011, ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A wani gari sun tarar da sinadarin benzin mai jawo sankara a rijiyoyin sha ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sau 900. Laifin ya rabu: akwai tsofaffin bututun kamfanoni da ba a kula da su, akwai masu fasa bututu, akwai masu dafa mai a daji su zubar da dattinsa a ruwa. Mu da ke cin kason wata-wata daga Abuja, ya kamata in ɗan Bayelsa yana magana da zafi mu san daga inda zafin ya fito.

Abin da mu muke aikawa can kuma fa? Ruwan saman da ya sauka a yammaci da kudancin jihar nan teku ya nufa. Kogin Gada da aka tare a Jibiya yana ratsawa ta Maraɗi ya dawo ya faɗa Rima. Karaɗuwa, inda madatsar Zobe take, da Bunsuru su ma Rima suke zuba. Kogin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso. Duka suna haɗuwa su shiga Kwara a jihar Kebbi, Kwara kuma ta kai su Atlantika. Ba ina cewa ledar fiya wata da ka yar a Ƙofar Ƙaura gobe za ta isa Fatakwal ba. Yawancinta za ta maƙale a lambatu ta jawo mana ambaliya, ko akuya ta haɗiye, ko ta tsaya a Goronyo da Kainji. Garuruwan bakin ruwa su ne manyan masu zubawa. Amma leda ba ta ruɓewa, farfashewa take yi ta zama ɓurɓushi, shi kuwa ɓurɓushi ba madatsar da ke tare shi duka. Ƙiyasin da aka fi amfani da shi ya ce robar da ke shiga teku a shekara tana tsakanin tan miliyan 8 zuwa 11. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin tunkiyar da ta yi kiwo a bola: dunƙulen leda, dabbar ta rame alhali cikinta a cike. Abin da ke samun kififiyar teku da tsuntsayenta ke nan. Duk da haka ra'ayina shi ne leda ta fi samun surutu don ana ganinta a hoto. Ɓarnar raga ta fi tata girma, ba a dai ganinta ne.

Taki ma yana tafiya. Manoman masara a tsakiyar Amurka, waɗanda nisansu da teku ya fi namu, takinsu na bin kogin Misisifi zuwa tekun Meziko. Can sai ya haifar da gansakuka mai yawa, in ta mutu ta ruɓe sai ta shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya gudu, wanda ba ya iya gudu ya mutu. A 2017 yankin da ya mutu haka ya kai murabba'in kilomita 22,700, kaɗan ya rage ya kai faɗin jihar Katsina. Mu takinmu bai kai nan ba, manominmu ma nema yake bai samu ba. Madatsun ruwa kuwa suna riƙe yashi da laka da kogi ya saba kaiwa gaɓa, ga kuma masu haƙar yashi don gini. Gaɓar da ba a kawo mata sabon yashi, igiyar ruwa cinye ta take yi. Garin Ayetoro a jihar Ondo, teku ta riga ta haɗiye babban ɓangarensa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe don shi ne ya fi shafar wanda ko kifi ba ya ci. Daminarmu daga teku take zuwa. Iskar da ke juyowa daga kudu maso yamma a bazara, mai ɗauke da laima, daga mashigin tekun Gini ta taso. Nisan da za ta yi arewa, ko ta iso Daura da Mai'aduwa a kan lokaci ko ta tsaya a Zariya tana jan ƙafa, yana da alaƙa da yanayin zafin ruwan teku. An daɗe ana ɗora farin 1973 da na 1984 a kan manoma da makiyaya, wai sun sare itatuwa sun cinye ciyawa. Binciken da aka yi daga shekarun 1980 zuwa 2000 ya nuna babban dalilin yana cikin ruwa: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada da kudancinta, tekun Indiya kuma ta ɗumama, sai layin ruwan sama ya kasa haurowa. Yanzu teku tana shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin mai da gawayi da gas ke tarawa a duniya, tana kuma shanye kusan rubu'in hayaƙin kansa, abin da ke sa ruwanta ƙara tsami yana wahalar da halittu masu ƙwanso. Tsayinta ya ƙaru da kusan santimita 20 tun daga 1900. A yankinmu na Sahel ruwan sama ya ɗan dawo tun shekarun 1990, amma ya sauya hali: yana zuwa a guguwa mai ƙarfi, ya zubar da na mako biyu a dare ɗaya, sannan ya ɗauke. Mutanen Jibiya ba su manta daren Yulin 2018 ba, da ambaliya ta ci rayuka sama da 40. Ba a ɗora dare ɗaya a kan sauyin yanayi kai tsaye, amma irin wannan ruwa ne ma'aunai ke nuna yana ƙaruwa. Wani abin mamaki kuma, mu ma muna ciyar da teku: ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wadda ke rufe mana ido a watan Janairu, tana sauka a Atlantika da sinadarin ƙarfe da ƙananan tsirran ruwa ke buƙata.

To kai da sana'arka. Shawarata kada ka jingina jarinka a kan Taitus kaɗai. Ka saba wa masu sayenka da shawa da kote da fanla, ka kuma nemi hanya da masu kiwon tarwaɗa da masu banda. A 2022, karo na farko a tarihi, kifin kiwo ya zarce na kamu a duniya, kuma nan kasuwar ta dosa. A jihar nan muna da Zobe da Jibiya da Sabke da Ajiwa da Mairuwa, ruwan da zai iya ba da kifi fiye da yadda yake bayarwa in an daina su da gidan sauro, an daina zuba maganin ƙwari a ruwa, an bar kifi ya zuba ƙwai a farkon damina. Ga masu kiwo, karfasa ta fi tarwaɗa sauƙin ciyarwa da abin da muke nomawa, don ita mai cin tsiro ce, waken soya da dusar masara suna ɗaukar mafi yawan abincinta.

Kuma ka riƙa karanta jikin kwalinka. Yawanci za ka ga an buga FAO da lamba. Lamba 27 arewa maso gabashin Atlantika ce, ruwan su Norwe. Lamba 34 ruwan Afirka ta Yamma ne, daga Maroko zuwa mashigin Gini. Lamba 47 yankin Namibiya da Angola ne. Za ka kuma ga nauyin kowane kifi, misali giram 300 zuwa 500. Ka riƙa ƙirga kifi nawa ke fitowa a kwali mai nauyi ɗaya, kana rubutawa. In adadin yana ƙaruwa, kifin ƙanƙancewa yake yi: ko dai mai shigo da shi ya koma sayen ƙaramin aji don babba ya fi ƙarfin aljihunsa, ko kuma manyan sun yi ƙaranci a inda ake kamawa. Ko wanne ne, ka samu abin da za ka zauna da dila ku yi ciniki a kai, don farashin kwalin manya da na ƙanana ba ɗaya ba ne tun daga jirgi.